Fumfuna da Ciwon Ido: Tarihin Wasu Magunguna da Sunayensu a Bakin Mutanen Gamboru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama na ɗan lokaci a rumfar mai sayar da magani a Kasuwar Gamboru da ke Maiduguri, musamman a ƙarshen damina ko lokacin da ƙurar hunturu ta sauka, zai ji wata jimla tana ta maimaituwa: "A ba ni maganin ciwon ido." Da Hausa ake faɗarta, ko da mai saye Babarbare ne, mai sayarwa kuma Babur ko Margi ko Shuwa, domin Hausa ita ce harshen ciniki a wannan gari, duk da cewa ba ita ce harshen masu gari ba. Mai rumfa kan miƙa hannu ya ɗauko ɗan bututun man shafawa ko 'yar kwalbar ɗigo, a biya, a tafi. Ba kasafai ake tambayar wane irin ciwon ido ba ne, kuma ko an tambaya, amsar ba ta wuce ja ko ƙaiƙayi ko kwantsa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin abin da ke cikin waɗannan bututai da kwalabe, musamman rukunin magungunan da aka samo daga fumfuna, da yadda suka iso wannan yanki, da irin kalmomin da suka tarar. Abin da nake son nunawa shi ne, magungunan sun zo ne a kan ilimin da ke rarrabe cuta gwargwadon abin da ya haddasa ta, alhali kalmominmu na ciwon ido suna rarrabe ta ne gwargwadon kamanninta. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yankin Arewa maso Gabas, inda Borno take, shi ne kan gaba da kashi 6.1. Yana ce ta fi kowace cuta jawo wannan makanta, amma tabon da ciwo kan bari a baƙin ido yana da nasa kaso, kuma shi ne irin makantar da magani na daidai, a kan kari, zai iya hanawa.

2.0 Kalmomi da Magungunan da Aka Gada

Bahaushe ba matalaucin kalmomin ciwon ido ba ne. Yana da jan ido da kwantsa da hakiya da yana da dundumi da hazbiya. Idan aka dubi waɗannan kalmomi da kyau, za a ga kowacce tana bayyana abin da mai kallo ya gani ne, ko abin da maras lafiya ya ji. Yana ita ce abin nan da ke taruwa a saman kunu ko madara idan sun huce, aka ari kalmar don farin da ke rufe gani. Hakiya farin tabo ce a kan baƙin ido, ba tare da la'akari da ko tsinke ne ya jawo ta ko ƙyanda ko wani gyambo ba. Dundumi rashin gani ne da almuru. Hazbiya kuwa, ƙurjin nan na bakin fatar ido, sunanta ɗaya da na tsuntsuwar da aka sani. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke nuni ga wata halitta mai rai da ta shiga idon, kuma ba abin mamaki ba ne, domin har Turawa ba su san da wannan ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19.

Babban maganin ido na gargajiya shi ne kwalli, wanda kuma ake kira tozali. Kalmomin biyu baƙi ne. Ta farko tana komawa ga kuhl ta Larabci, ta biyu kuma ga tazult ta harsunan Azbinawa da danginsu, abin da ke nuna cewa abin da sunayensa duk ta hamada suka biyo. Daga wannan tushe na Larabci ne aka samu kalmar kahhal, wato likitan ido, kamar yadda take a sunan littafin Ali bin Isa na Bagadaza, Tazkiratul Kahhalin, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 11, ya kuma ƙunshi bayanin cutar da Larabawa ke kira jarab, mai sa cikin fatar ido ya yi gautsi-gautsi. Wannan reshe na ilimi bai tsaya a Gabas ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, yana da rubuce-rubuce a kan ɗibbu, har da wanda ya keɓe ga ciwon ido. Sai dai ya kamata a faɗa cewa yawancin kwallin da ake haƙowa a Nijeriya dutsen dalma ne, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, ga shi kuma tsinken kwalli ɗaya da ke zagaya idanun gida kan zama hanyar yaɗa cuta. Bayan kwalli akwai matsefata, wadda tsofaffin mata ke tsige gashin idon da ya juya ciki da ita. Za mu komo kan wannan gashi nan gaba.

A shekarar 1870 wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, ya iso Kukawa ɗauke da kyaututtukan Sarkin Furushiya zuwa ga Shehu Umar. Likita ne cikakke a ma'aunin zamaninsa, amma game da ido mai zubar da mugunya, abin da ke jakarsa bai fi na malaman da ya tarar da wani abin a-zo-a-gani ba. Sai a 1879 Albert Neisser ya gano ƙwayar da ke haddasa ciwon sanyi, wadda ita ce kuma ke kama idon jariri yayin haihuwa ta makantar da shi cikin 'yan kwanaki. A 1881 Carl Credé na Laifzig ya bayyana dabarar ɗiga ruwan sinadarin azurfa a idon kowane jariri don kariya. A 1907 kuwa, shekarar da Shehu Abubakar Garbai ya komo da fadarsa Yerwa, wato Maiduguri ta yau, wasu masu bincike biyu, Halberstaedter da von Prowazek, suka fara hango alamun ƙwayar jarab a tsibirin Jaba. Ke nan garin da ilimin wannan cuta tsara ne.

3.0 Yadda Fumfuna ta Zama Magani

A Hausa fumfuna (wasu kan rubuta funfuna) alamar lalacewa ce. Ita ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da burodi, da takalmin fata a tsakiyar damina. Ba a sa mata ran alheri. Amma a ilimin halittu, fumfuna rayayyen abu ne mai gasar neman abinci da bakteriya a wuri guda, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da sinadarai don kashe abokan gasar ko hana su yaɗuwa. Waɗannan sinadarai ne ɗan Adam ya ara.

Labarin Alexander Fleming sananne ne, ba sai an tsawaita ba. A watan Satumba na 1928, a asibitin St Mary's na Landan, ya lura wata fumfuna ta faɗa wa farantin da yake renon bakteriya, kuma duk abin da ke kewaye da ita ya narke. A 1929 ya buga bayanin, ya raɗa wa sinadarin suna fenisilin, daga sunan fumfunar, Fenisiliyam, wanda a Latin ke nufin ɗan burushin mai zane, saboda kamanninta a ƙarƙashin madubin likita. Abin da ba a cika ambata ba, kuma ya fi shafar mu, shi ne cewa waraka ta farko da ke rubuce a takardun asibiti ta hanyar wannan magani a ido aka yi ta. Cecil George Paine, tsohon ɗalibi a St Mary's da ke aiki a Shefil, ya reni fumfunar a cikin romo, ya tace ruwan. Ya fara gwada shi a kan ƙurajen gemu, bai yi aiki ba. A watan Nuwamba na 1930 sai ya gwada shi a idanun jariran da ƙwayar ciwon sanyi ta kama, idanun suka washe. Dalilin nasarar a fili yake. Ruwan da ya tace ba shi da ƙarfi, ba shi da tsabtar da za a yi allura da shi, amma ido waje ne buɗaɗɗe da za a iya wankewa da maganin kai tsaye, ƙwayar ciwon sanyi ta wancan zamani kuma ba ta da juriya ko kaɗan. Paine bai buga sakamakonsa ba. Sai a 1986 Wainwright da Swan suka fito da takardun, bayan fiye da shekara hamsin suna ajiye.

Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Okusfod su ne suka mayar da ruwan tacen ya zama magani. Mutum na farko da suka yi wa jiyya da shi, a watan Fabrairu na 1941, ɗan sanda ne mai suna Albert Alexander, wanda ciwo ya ci masa fuska har aka cire masa ido ɗaya. Ya fara murmurewa, maganin ya ƙare duk da cewa har daga fitsarinsa ake sake tace shi, ya rasu a watan Maris. Samar da shi da yawa a Amurka aka yi, inda a 1943 aka dace da wata fumfuna mai yawan yabanya a jikin wani ruɓaɓɓen kayan marmari dangin kankana a garin Peoria. A 1945 Fleming da Florey da Chain suka raba kyautar Nobel.

Ya kamata mu fahimci yadda fenisilin ke aiki, domin a nan iyakarsa take. Yawancin bakteriya suna kewaye da wata ganuwa mai tauri, wadda sai sun ci gaba da gina ta muddin suna girma suna rabuwa. Fenisilin maginan ganuwar yake kamawa ya ɗaure, sai ta yi rauni, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan ganuwa, shi ya sa maganin ba ya taɓa su. To, amma bairos ma ba shi da ita, ganuwar fumfuna kuma da wani abu dabam aka gina ta. Saboda haka duk ciwon idon da ɗayan waɗannan biyun ya jawo, fenisilin da danginsa ba su da abin yi a kansa.

Fumfuna ta ba da wasu magunguna biyu masu muhimmanci ga ido. A 1945 Giuseppe Brotzu ya ɗebo wata fumfuna a bakin magudanar ƙazantar birnin Kaliyari na tsibirin Sardiniya, bayan ya yi mamakin yadda ruwan teku a wurin ke tsabtace kansa. Daga ita ne Edward Abraham da Guy Newton suka fitar da sinadarin sefalosforin a Okusfod, wanda aka fara sayar da maganin farko na danginsa a 1964. Daga wannan zuriya seftiriyazon ya fito, wanda a yau shi ake yi wa jaririn da ƙwayar ciwon sanyi ta kama wa ido allurarsa, da kuma sefurozim, wanda likitoci da yawa ke sanyawa cikin ido a ƙarshen aikin cire yana don kada wurin ya harbu. Na biyu shi ne fusidik, wanda masu bincike a Denmak suka bayyana a 1962, ake kuma yin ɗigon ido mai kauri da shi don bakteriyar da ke jawo hazbiya da kumburin bakin fatar ido. Shi wannan ban cika cin karo da shi a rumfunan Gamboru ba.

Fenisilin ya shigo Nijeriya sosai ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a daidai lokacin da asibitin ido na mishan ɗin SIM da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, ya zama matattarar masu ciwon ido daga ko'ina a Arewa. Yaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi da cutar gyambunan nan 'yar uwar tunjere tsakanin 1952 da 1964, inda aka yi wa mutum kimanin miliyan 50 allurar fenisilin a ƙasashe 46 har da Nijeriya, ya ƙara wa allura kwarjini a idon talaka, domin gyambon shekaru kan bushe da allura guda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri bai buɗe ba sai 1983. Ke nan magungunan sun riga likitocin ido isa kasuwa da shekaru masu yawa, kuma a wannan tazara ne al'adar saye ba tare da gwaji ba ta kafu.

4.0 Kuskuren Suna da Amosanin Ido

Ba mu kaɗai ne suna ya ɓatar ba. Man shafawar da aka fi sani a rumfunanmu, mai launin rawaya, wanda tsofaffi har yanzu ke kira taramaisin, tetirasaikilin ne, kuma ba daga fumfuna aka samo shi ba. Daga wasu halittun cikin ƙasa ne masu suna Istireftomaisis, waɗanda ke yaɗo kamar zare, har masana suka daɗe suna ɗaukarsu fumfuna. Bakteriya ne. Amma kuskuren ya riga ya shiga suna, domin ɗafa-ƙeyar nan ta -maisin daga kalmar Girkanci ta fumfuna take. Benjamin Duggar ya bayyana na farkon wannan dangi a 1948, kamfanin Pfizer ya fito da Terramycin a 1950. Haka nan kuloramfenikol, ɗigon da ya fi kowanne yawa a kasuwa, daga irin waɗannan halittu aka samo shi a 1947, cikin ƙasar da aka ɗebo daga Benezuwela. Mai nazarin harshe zai ga darasi a nan game da yadda kalma kan daskare a kan tsohuwar fahimta bayan ilimi ya wuce wurin.

Muhimmancin wannan rukuni na biyu shi ne, shi ya iya da cutar da fenisilin ya gaza a kanta, wato jarab ta Larabawa, wadda kafofin watsa labarai na Nijeriya ke kira amosanin ido, a Jamhuriyar Nijar kuma aka fi jin amodari. Ƙwayarta, Kilamidiya, bakteriya ce, amma a cikin ƙwayoyin jikin mutum take ɓuya ta hayayyafa, kuma fenisilin ba ya gamawa da ita. Masanin ƙasar Sin Tang Feifan ne ya fara renonta cikin ƙwan kaza a tsakiyar shekarun 1950. Tana yaɗuwa tsakanin yara ta hannu da tsumma da ƙudan da ke sauka a kan kwantsa da majina. Kamu ɗaya ba ya makantarwa. Maimaituwar kamu shekara da shekaru ita ke sa cikin fatar ido ya yi tabo, tabon ya janye fatar, gashin ido ya juya ciki yana kankarar baƙin ido a duk ƙiftawa, har hakiya ta rufe shi. Wannan shi ne gashin da ake tsigewa da matsefata. Mata sun fi maza makancewa da ita nesa ba kusa ba, saboda su ke ɗawainiyar yara.

Tetirasaikilin yana kashe ƙwayar, amma sai an shafa sau biyu kullum har mako shida, abin da uwa mai 'ya'ya da yawa ba ta cika iya kammalawa ba. Sauyi ya zo da azitiromaisin, wanda kamfanin Pliva na Zagreb ya ƙirƙira a 1980, aka kuma tabbatar a Gambiya a 1993 cewa shan sa sau ɗaya ya yi daidai da wancan dogon shafi. A 1998 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin kawar da makantar wannan cuta ta hanyoyi huɗu: gyaran fatar ido da tiyata, rabon magani, wanke fuska, da tsabtace muhalli. A wannan shekara Pfizer ta fara ba da maganin kyauta ta hannun wata ƙungiya da aka kafa don haka. A Arewa wannan suna yana da nauyi, domin ba a manta da gwajin Trovan da kamfanin ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 suka rasu, shari'ar kuma ta kai ga sasantawa da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. Duk mai raba ƙwaya gida-gida a wannan yanki da wannan tarihi yake tafe, ko ya sani ko bai sani ba. Duk da haka an ci nasara mai yawa. Ghana ta samu shaidar kawar da cutar a 2018, Gambiya a 2021. A Borno kuwa, rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya jinkirta ko da ƙidayar masu cutar a ƙananan hukumomi da dama.

A ganina kalmar amosanin ido tana da rauni. Amosani a Hausa ciwo ne na cikin jiki mai daɗewa, mai tashi ya kwanta, kamar amosanin ƙashi da amosanin kai, har aka ari kalmar ga sikila aka ce amosanin jini. Babu wanda ke tsoron ɗaukar amosani daga maƙwabcinsa. To, ta yaya za a ce wa uwa ta wanke fuskar ɗanta ta kori ƙuda saboda amosani? Sunan da kansa yana warware saƙon.

5.0 Inda Maganin Ba Ya Aiki

A 1969 wata annobar jan ido ta ɓulla a Ghana ta bazu Afirka ta Yamma, kuma da yake ta zo daidai da saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata, sai jama'a suka laƙaba mata sunansa. Afolo ta zauna daram a Hausa da sauran harsunan Nijeriya, tana cikin kalmomin aro mafi saurin kafuwa da na sani. Bairos ne ke jawo ta, kuma takan warke da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Amma lokacin Afolo shi ne kakar masu sayar da ɗigo. Mutum ya ɗiga kuloramfenikol, idon ya warke don lokacinsa ya yi, a yaba wa kwalba. Mafi muni shi ne abin da wasu kan zuba idan ba kuɗi: ruwan sukari, ruwan batir, nonon uwa, ko fitsari. Likitocin ido a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka sun sha ba da rahoton mutanen da suka rasa ido saboda fitsarin da aka wanke musu ido da shi yana ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda kan huda baƙin ido cikin kwana kaɗan.

Ita kuwa wannan ƙwaya ba irin wadda Paine ya tarar ba ce. A 1976 aka gano nau'o'inta masu fitar da wani sinadari da ke karya fenisilin, kuma ɗaya daga cikin manyan nau'o'in biyu da Afirka ta Yamma aka danganta asalinsa. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar Nobel cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin juriya. Shekara 46 ke nan tsakanin warakar Shefil da wannan ranar. Yau babu likitan da zai dogara da fenisilin a kan idon jariri mai mugunya.

Akwai kuma inda fumfuna ita ce cutar. Lokacin girbi da sussuka, ƙaiƙayin gero ko tsinken kara kan daki idon manomi ya kankare tantanin baƙin ido, fumfunar da ke jikin tsiron ta samu ƙofa, ta yi gyambo mai ci a hankali. Maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Idan kuma aka yi rashin sa'a ɗigon da aka saya haɗe yake da sitiroyid, sinadarin nan mai kwantar da ja da kumburi, to an kashe wa ido masu gadinsa, gyambon ya ƙara zurfi alhali maras lafiya yana jin sauƙi. Babban maganin wannan gyambo, natamaisin, daga bakteriyar cikin ƙasa aka samo shi a 1955, a lardin Natal na Afirka ta Kudu, wanda sunansa yake ɗauke da shi. Wato kamar yadda aka ari makamin fumfuna don yaƙar bakteriya, haka aka ari na bakteriya don yaƙar fumfuna.

Bayan ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gamboru da unguwanni da yawa na Maiduguri, bangayen gidaje sun yi baƙi da kore saboda danshi. Wani ɗalibina da ya ji ina wannan bayani a aji ya tambaye ni, rabi da wasa, ko ke nan magani ne ya tsiro musu a ɗaki. Na ce masa nau'o'in fumfuna dubbai ne, masu ba da magani ƙalilan ne a cikinsu, kuma wasu daga cikin waɗanda ke jikin bangon nan su ne ainihin masu cin idon manoma.

6.0 Batun Raɗa Suna

Idan muka tattara abin da ke shiga ƙarƙashin "ciwon ido" a rumfar Gamboru, za mu samu bakteriya ta gama-gari, da ta ciwon sanyi, da Kilamidiya, da bairos, da fumfuna, ban da ƙaiƙayin da ƙura kawai ke jawowa. Kalmar da muke da ita ga duk masu ran cikinsu ɗaya ce, ƙwayar cuta. Fassarar da gidajen rediyo suka saba da ita ga dangin fenisilin da tetirasaikilin ita ce "maganin kashe ƙwayoyin cuta". Duk Bahaushen da ya ji wannan, ya kuma ji an ce Afolo ƙwayar cuta ce ke kawo ta, hankali zai ba shi cewa wannan magani na wannan cuta ne. Bai yi kuskuren tunani ba, fassarar ce ta kai shi.

Aikin raɗa kalmomin fannu ba sabo ba ne a wurinmu. Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006. Ta fuskar magani, Lewis Wall ya nazarci tunanin Hausawa kan cuta a yankin Malumfashi a littafinsa na 1988, Nina Etkin da abokan aikinta kuma suka nuna a 1990 yadda mutanen karkara ke shigar da ƙwayoyin bature cikin tsarin fahimtarsu, har launin kafso ya zama abin lura wajen sanin aikinsa. Abin da ya yi saura shi ne haɗa waɗannan ɓangarori biyu.

Shawarata ba mai tsawo ba ce. A bar ƙwayar cuta ta zama babban suna, a karɓi bakteriya da bairos a matsayin kalmomin aro kamar yadda aka karɓi Afolo ba tare da wani taro ba, a kuma faɗaɗa fumfuna ta ɗauki ma'ana ta uku, tun da kowa ya san ta da ido. Daga nan a daina cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ce maganin bakteriya, don sunan ya faɗi iyakar aikinsa. Game da jarab, na fi karkata ga amodari, domin ba ta ɗauke da wata ma'ana da za ta yi karo da saƙon tsabta, ko da yake sai an gwada ta a bakin mutanen Kano da Zariya a ga ko za ta zauna. A Maiduguri kuma dole a yi wannan aiki kafaɗa da kafaɗa da masana Kanuri, domin matar da ta sayi magani da Hausa a kasuwa, da Kanuri za ta yi wa kishiyarta bayaninsa a gida, inda ido sunansa shim.

Akwai ciwo biyu da nake ganin sun fi gaggawar samun suna nasu na kansu, wanda da jin sa mai rumfa zai san ba nasa ba ne. Na farko shi ne farin ɗigo mai zafi a kan baƙin ido bayan tsinke ko ƙaiƙayi ya daki mutum. Gyambon ido ya dace da shi, domin Bahaushe ya san gyambo ba a wasa da shi, kuma ya bambanta shi da hakiya, wadda tabon da ya riga ya warke ce. Na biyu shi ne kumburi da mugunyar da ke cika idon jariri a kwanakin farko na haihuwa, galibi kafin ranar suna. Har yanzu kwantsa ake ce masa, kalmar da ake faɗa wa abin da kowane lafiyayye ke gogewa da safe. Na gwada "mugunyar idon jariri" a kan wasu masu rumfa uku a Gamboru, na tambaye su abin da za su ba wanda ya zo da wannan. Biyu suka ce asibiti za su tura shi. Na ukun ya miƙa hannu ya ɗauko kuloramfenikol.